Niƙa Masara da Daidaita Ikweshan: Amsa ga Wata Ɗalibar Kemistiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a babbar sakandare, daga Unguwar Rogo a nan Jos. An sa mun haddace cewa canjin sinadari shi ne wanda launi ya sauya, ko iska ta fita, ko zafi ya tashi, kuma abin ba ya komawa yadda yake. A gwajin da aka yi mana na rubuta cewa niƙa masara canjin sinadari ne, tunda gari ba zai sake zama tsaba ba, sai aka soke. Wajen daidaita H₂ + O₂ → H₂O kuma na mai da ruwan H₂O₂, ƙidaya ta yi daidai hagu da dama, nan ma aka soke. Don Allah ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malamin da ya soke miki yana da gaskiya a wuri biyun, amma ba zan ɗora miki laifin duka ba. An ba ki alamu kin haddace, ba a gaya miki abin da ke ƙarƙashinsu ba, kuma kuskuren naki biyu daga wuri ɗaya suka taso.

Duk abin da kike gani, ruwa ne ko ƙarfe ko iskar da kike shaƙa, da atam aka gina shi, kuma nau'in atam da aka sani zuwa yau 118 ne. Atam bai cika zama shi kaɗai ba. Yakan kama wani su ɗaure, su zama molikul ko wani gini da ya fi girma. Idan abu ya canza amma ɗaurin nan yana nan yadda yake, ƙwayoyin ne kawai suka matsu ko suka warwatse, ko aka farfasa dunƙule ya koma gari, wannan canjin siffa ne. Idan kuwa ɗaurin ya tsinke, atam ya rabu da abokinsa ya kama wani, har aka sami abin da a da babu shi, wannan canjin sinadari ne. A dukkan biyun babu atam ko ɗaya da ke ɓacewa, babu kuma wanda ke faɗowa daga sama. Batun ɗauri shi ne amsar masararki, batun rashin ɓacewa shi ne amsar ikweshan.

Mu fara da masarar. Sitacin da ke cikin tsaba kafin a kai ta inji shi ne dai a cikin garin da aka dawo da shi gida. Inji ya ƙanƙanta shi, bai taɓa ginin molikul ɗinsa ba. Amma ranar da aka manta tuwo a kan wuta, ƙanzo ya wuce ja ya yi baƙi ƙirin, yana ɗaci, gida ya cika da ƙauri, to a nan sitaci ya tarwatse, abin da ya rage a gindin tukunya yawancinsa kabon ne. Daga gari ba a komawa tsaba, daga ƙonannen ƙanzo ma ba a komawa tuwo, amma na farko siffa ce, na biyu sinadari.

Shi ya sa a cikin alamun da aka ba ku, ta "ba ya komawa" ita ce mafi rauni, kuma da shawara tawa ce da an daina rubuta ta a allo kamar doka. Kofin gilashin da ya fashe ba ya komawa, itacen da aka yanka katako ba ya komawa, duk kuwa babu sabon abu. Ta ɗaya gefen kuma akwai canjin sinadari da ke komawa kullum a hannunki. Batirin waya yana ba da wuta ne ta canjin sinadari, in kin sa caji canjin ya juya da baya. Ga wanda za ki iya gwadawa a madafa: ki zuba zoɓo marar suga a kofin gilashi, ki ɗiga ruwan kanwa kaɗan-kaɗan. Jan nan zai yi duhu, ya karkata zuwa shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Ki matsa lemon tsami a ciki, in ba ki cika kanwar ba, ja zai dawo. Molikul ɗin da ke ba zoɓo launi ne kanwa ta ƙwace masa haidurojin, tsami ya mayar masa. Canjin sinadari ne tsantsa, ga shi ya je ya dawo.

Sauran alamun sun fi wannan ƙarfi, amma kowacce tana iya yaudara. Kumfa tana tashi idan aka zuba ruwan tsamiya a kan kanwa, kuma wannan kabon dayoksaid ne sabo fil da ya samu a lokacin. Ruwa a butar shayi ma yana kumfa, alhali tururin H₂O ne kamar yadda ruwan yake H₂O. A nan Jos ma, da yake muna bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ruwa yana tafasa wajen digiri 96 ne maimakon 100 da ke littafi, saboda iskar da ke danne shi ta fi ta Legas sauƙi. Wannan bai sa ya zama wani abu ba. Launi kuma, bular da ake sa wa fararen kaya tana mai da ruwa shuɗi, gauraya ce kawai. Zafi ma haka: tururi in ya taɓa hannu ya koma ruwa yana sakin zafi mai tsanani, shi ya sa ƙunar tururi ta fi ta tafasasshen ruwa muni, duk da haka canjin siffa ne. Idan kin ga alama, ta ba ki dalilin tsayawa ki duba, amma hukuncin yana wajen tambaya ɗaya: an sami abin da a da babu shi?

Garin nan namu ma a kan wannan bambancin ya tashi, ko da yake ba a faɗa a aji. Ki je gefen tsofaffin kududdufan haƙar kuza wajen Bukur ko Barikin Ladi ki tsaya ki kalli masu wankin kuza. Mace za ta ɗebo ƙasa a kwano, ta tsoma shi cikin ruwa, tana juyawa tana karkatawa, laka ta tafi, yashi ya bi bakin kwano ya zube, can ƙasa sai baƙin tsaki mai nauyi ya kwanta. Abin da ke yi mata aiki nauyi ne: kuza ta ninka ruwa nauyi kusan sau 7, yashi bai kai sau 3 ba. In an kai wajen masu saye, a shanya, a tankaɗe, a bi da ita ta injin maganaɗisu ya janye kwalambait, wani ma'adinin da ke gauraye da kuza, gefe guda. Duk wahalar nan, daga rami har buhu, babu canjin sinadari ko ɗaya. Kuzar da ke cikin buhu SnO₂ ce, kamar yadda take tun tana cikin dutse, atam ɗaya na ƙarfen kuza riƙe da biyu na oksijin. Ba za ki wanke oksijin ɗin nan da ruwa ba ko za ki shekara kina juya kwano.

Sai an haɗa ta da gawayi an hura wutar da ta haura digiri 1,000, sannan kabon ya fizge oksijin ya tafi da shi:

SnO₂ + 2C → Sn + 2CO

Baƙin tsaki ya shiga, farin ƙarfe mai sheƙi ya malalo. Wannan aikin maƙeran Ririwai sun iya shi tun kafin zuwan Turawa, suna zuba ƙarfen siri-siri kamar tsinke suna sayarwa. Zamanin mulkin mallaka da ɗanyar kuzar ake lodi zuwa Ingila a narkar a can, sai farkon shekarun 1960 aka kafa masana'antar narkar da kuza ta Makeri a nan Jos. Ki lura da wani tarko: mutane na kiran aikin duka "narkarwa", amma abu biyu ne a ciki. Raba ƙarfe da oksijin canjin sinadari ne. Ƙarfen da ya fito yana ruwa-ruwa, aka zuba shi a mazubi ya daskare da ya sauko ƙasa da digiri 232, wannan canjin siffa ne, Sn ne yana ruwa, Sn ne ya sandare. Sannan kilo 100 na tsantsar kuza ƙarfe kilo 79 kawai zai bayar, ko da mai aikin bai zubar da ko ɗigo ba. Ki riƙe kilo 21 ɗin nan a ranki, za mu neme shi.

Tambayoyin jarrabawa na son irin wannan wuri da canji biyu ke manne da juna. Tukunyar gas ta girki misali ce mai kyau. Ki jijjiga ta, za ki ji ruwa na motsi a ciki, don an matsa gas ɗin ne har ya zama ruwa. In an buɗe yakan koma iska, kuma in an daɗe ana girki jikin tukunyar yakan yi sanyi har ya yi gumi. Wannan siffa ce. Da ya isa kan murhu ya kama wuta, ya zama kabon dayoksaid da ruwa. Ruwan ma ana ganinsa: ki ɗora tukunya mai ruwan sanyi a kan gas, a daƙiƙun farko za ki ga raɓa ta feso a jikinta ta waje, kafin zafi ya busar da ita. Wutar ce ta haifi ruwan nan. Kyandir ma haka, narkewar kakinsa daban, cin wutar daban.

Akwai kuma wanda ido ke ɗauka siffa ne alhali sinadari ne. Kowa na cewa siminti ya "bushe", amma da bushewa ce da masu buga bulo ba za su yi kwanaki suna yayyafa wa bulo ruwa ba. Siminti haɗuwa yake yi da ruwa su zama sabon abu mai tauri, in ruwan ya gudu da wuri bulo ya yi gautsi. Tubalin laka shi ne ke bushewa da gaske, shi ya sa damina ke iya mai da shi taɓo. Laka in an gasa ta kuwa ta bar laka har abada. Kawunan Nok, wato mutum-mutumin gasasshiyar laka, da ke gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, sun yi fiye da shekara 2,000 a cikin ƙasa, wasu ma masu haƙar kuza ne suka tono su, ruwa bai narkar da su ba.

Na nono gajere ne: in ya yi tsami sinadari ne, don ƙwayoyin halitta sun mai da sugan da ke ciki asid, in an kaɗa shi an cire man shanu siffa ce, an ware abin da dama yana ciki. Gishiri a ruwa shi ne masana kansu ke jayayya a kai, domin sodiyam da kulorin suna rabuwa su yi yawo a ruwan. Ke dai a WAEC ko NECO ki rubuta canjin siffa, hujjarki kuwa in an ƙafar da ruwan gishirin zai dawo NaCl ɗinsa. Jayayyar ki ajiye ta sai kin shiga jami'a.

Yanzu kilo 21 ɗin can. Bai ɓace ba, oksijin ne da ya bi kabon ya fita ta hayaƙi. Mutumin da ya kafa wannan magana da sikeli Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier, kuma abin sha'awa da ƙarfen kuza ya yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajensa a 1774. Ya sa ƙarfen a kwalba, ya liƙe bakinta, ya auna, ya gasa har ƙarfen ya yi toka-toka, ya sake aunawa: nauyi bai motsa ba. Da ya fasa bakin sai iska ta kutsa ciki, nauyi ya ƙaru. Ashe abin da ƙarfen ya ƙara daga iskar cikin kwalbar ya ɗauko. A 1789 ya rubuta ƙa'idar a fili, cewa nauyin kayan da suka shiga daidai yake da nauyin abin da ya fito. Shekara biyar bayan nan, a 1794, 'yan juyin juya halin Faransa suka sare masa kai saboda aikin karɓar haraji da ya yi wa sarki, ba don kemistiri ba.

Da wannan ƙa'idar za ki gane me ya sa buhun gawayi ke ƙarewa a 'yar toka: sauran ya tashi sama, ba mu dai tare shi mun auna ba. Tsatsa kuma akasin haka ce, ƙarfe nauyi yake ƙarawa, giram 224 na ƙarfe ya sha giram 96 na oksijin ya zama giram 320 na tsatsa. Daidaita ikweshan ba wani abu ba ne illa rubuta wannan gaskiyar a takarda, kowane atam da ya shiga ta hagu a nuna inda ya fita ta dama.

To me ya sa aka soke H₂O₂ tunda ƙidaya ta yi? Domin kin amsa tambayar da ba a yi miki ba. A ikweshan lamba iri biyu ce. Ƙaramar da ke gindin harafi tana faɗin yadda aka gina abin, babbar da ke gaba tana faɗin guda nawa aka ɗauko. Keke Napep ƙafa uku gare shi. In an ba ki taya 12 aka ce ki yi lissafi, sai ki ce keke huɗu. Ba za ki ce keke uku mai ƙafa hurhuɗu ba, wannan ya zama mota. H₂O ruwan sha ne. H₂O₂ shi ne ruwan nan da ake sayarwa a kemis, wanda ke kumfa in an zuba a ciwo, mai ƙarfinsa kuma yana ƙona fata. Lambar gindi ba taki ba ce, ta gaba kaɗai aka ba ki izinin taɓawa:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Haidurojin 4 hagu 4 dama, oksijin 2 da 2. A sikeli ma giram 4 da giram 32 sun ba da giram 36.

Bambancin atam ɗaya tak ba wasan aji ba ne, musamman a garin sanyi irin namu. Gawayi in ya sami iska isasshiya, C + O₂ → CO₂. In an shigar da kasko ɗaki lokacin hunturu aka rufe ƙofa da taga, iska ta yi ƙaranci, sai 2C + O₂ → 2CO. Kabon monoksaid ba shi da launi ba shi da wari, kuma yana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sama da sau 200. Shi ne ke kashe mutane cikin barci, shi ne kuma ke cikin hayaƙin janareto. Ki faɗa wa mutanen gida wannan ko ba su tambaye ki ba.

Ga yadda nake so ki riƙa yi. Kafin ki sa lamba ko ɗaya, ki tabbata fomula daidai take. Mafi yawan takardun da na ga ikweshan ya ƙi daidaituwa, matsalar ba ƙidaya ba ce, ɗalibi ne ya rubuta CaCl maimakon CaCl₂, ko NaCO₃ maimakon Na₂CO₃, sannan ya zauna yana ta fama da abin da ba zai taɓa yiwuwa ba. Ki san balensi, wato yawan ɗaurin da abu ke iya yi, na kowane atam da kowane rukuni, ki kuma tuna guda bakwai da ke tafiya bibbiyu in su kaɗai ne: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂, I₂. Daga nan ki fara da molikul mafi cunkoso, abin da ke tsaye shi kaɗai ki bar shi ƙarshe, don shi za ki iya sa wa kowace lamba ba tare da kin ɓata wani ba.

Mu yi na gas ɗin girki, butan:

C₄H₁₀ + O₂ → CO₂ + H₂O

Kabon 4 ne a hagu, sai ki sa 4 gaban CO₂. Haidurojin 10 ne, kowane ruwa yana ɗauke da 2, sai ki sa 5 gaban H₂O. Yanzu ki ƙirga oksijin na dama: 8 daga 4CO₂, 5 daga 5H₂O, 13 ke nan. A nan yara ke tsayawa, don O₂ bibbiyu yake zuwa, 13 kuma mara ce. Kada ki goge komai. Ki rubuta 6½ da fensir gaban O₂, sannan ki ninka layin gaba ɗaya sau biyu, kowa da kowa, har da butan ɗin da ba shi da lamba:

2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O

Kabon 8 da 8, haidurojin 20 da 20, oksijin 26 da 26. Ki ga amfanin layin nan: daga shi ake lissafo cewa tukunya mai kilo 12.5 kafin ta ƙare sai ta ci oksijin kusan kilo 45, ta fitar da kabon dayoksaid kusan kilo 38. Abin da ya fito ya fi gas ɗin nauyi nesa ba kusa ba, don iskar ɗaki ta shiga lissafin. In harshen wutar ya koma rawaya yana baƙanta tukunya, oksijin 13 ɗin ne bai samu ba.

Na tsatsa dabararsa daban. Fe + O₂ → Fe₂O₃, oksijin 2 a hagu, 3 a dama. Ki nemi ƙaramar lambar da 2 da 3 duk ke shiga, wato 6, ki sa 3 gaban O₂, 2 gaban Fe₂O₃, ƙarfe ya zama 4 a dama, ki sa 4 a hagu: 4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃.

In kin bi ta wajen masu walda da gyaran jikin mota a Farin Gada, za ki ga tulun ƙarfe da suke jefa dutsen kabaid a ciki su zuba ruwa, da farin taɓon da suke zubarwa gefe mai wari. Ikweshan ɗinsa CaC₂ + H₂O → Ca(OH)₂ + C₂H₂. Tarkon yana cikin baka, wato (OH)₂: lambar 2 da ke bayan baka ta shafi O, ta shafi H. Dama ke nan tana da oksijin 2, haidurojin 2 da wasu 2 na asitilin (C₂H₂), 4. Lamba 2 gaban ruwa ta gama aikin: CaC₂ + 2H₂O → Ca(OH)₂ + C₂H₂. Farin taɓon shi ne Ca(OH)₂, iskar da suke kunnawa ita ce C₂H₂.

Idan rukuni kamar SO₄ ko NO₃ ya shiga ya fita bai fashe ba, ki ƙirga shi dunƙule ɗaya, kada ki tsaya raba S da O. A Al(OH)₃ + H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + H₂O, dama tana da Al 2 da SO₄ 3, sai ki sa 2 da 3 a hagu. Yanzu OH 6 ne, H na asid ma 6, kowane OH da H ɗaya ruwa ɗaya, ruwa 6 ke nan: 2Al(OH)₃ + 3H₂SO₄ → Al₂(SO₄)₃ + 6H₂O.

Akwai masu taurin kai da lalube ba ya yi musu, kina gyara nan can na ɓaci. Waɗannan aljebra ake sa musu. Misali jan ƙarfe a cikin asid na naitirik mai ruwa-ruwa:

aCu + bHNO₃ → cCu(NO₃)₂ + dNO + eH₂O

A nan NO₃ ya fashe, wani ya zama NO, don haka dabarar dunƙule ba ta aiki. Kowane atam ki ba shi layinsa. Cu: a = c. H: b = 2e. N: b = 2c + d. O: 3b = 6c + d + e. Daga na biyu da na uku, d = 2e − 2c. Ki zuba a na huɗu: 6e = 6c + 2e − 2c + e, ya rage 3e = 4c. Mafi ƙanƙantar cikakkun lambobi c = 3, e = 4. Saura sai su zubo da kansu, a = 3, b = 8, d = 2:

3Cu + 8HNO₃ → 3Cu(NO₃)₂ + 2NO + 4H₂O

Hanyar tana cin lokaci, kada ki ɗauko ta don ƙaramin ikweshan, amma ba ta ba da kunya.

In ikweshan na ayon ne, wato atam ko rukuni mai ɗauke da caji, caji ma sai ya daidaita. Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag atam ɗinsa sun yi daidai, amma caji 1 ne hagu, 2 dama, saboda haka Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag. Lambobi kuma a rage su zuwa mafi ƙanƙanta, 4H₂ + 2O₂ → 4H₂O ƙidayarsa ta yi amma mai maki zai iya rage miki. Wani abin da ba a cika gaya muku ba: daidaituwar ikweshan ba ta nufin abin yana faruwa. Cu + 2HCl → CuCl₂ + H₂ ya daidaita tsaf a takarda, amma ki jefa jan ƙarfen wayar lantarki cikin wannan asid mai ruwa-ruwa, ba za ki ga haidurojin ba, don jan ƙarfe yana ƙasa da haidurojin a jerin ƙarfin ƙarafa. Zinc ko ƙarfe ne za su yi. Takarda ba ta ƙin tawada, sai ke kin san wanda ke yiwuwa.

Ƙananan haruffan yanayi, s na daskararre, l na ruwa, g na iska, aq na abin da aka narkar a ruwa, ki saba sa su tun yanzu. Da su za ki iya gwada duk wani canji da ya rikita ki. Ki rubuta shi kamar ikweshan. Ƙanƙara ta narke: H₂O(s) → H₂O(l), fomula ɗaya hagu da dama, harafin yanayi kaɗai ya sauya, babu abin daidaitawa, canjin siffa ne. Farar ƙasa a tanderun siminti irin na Ashaka: CaCO₃(s) → CaO(s) + CO₂(g), fomula ta sauya, giram 100 ya rabu 56 da 44, canjin sinadari ne.

Ga huɗu ki yi a littafinki. Ba zan ba ki amsa ba, sai jimillar lambobin gaba, kina ƙirga 1 a inda ba a rubuta lamba ba. KClO₃ → KCl + O₂, jimilla 7. Fe₂O₃ + CO → Fe + CO₂, jimilla 9. C₃H₈ + O₂ → CO₂ + H₂O, jimilla 13. CO₂ + H₂O → C₆H₁₂O₆ + O₂, wanda ganye ke yi da hasken rana, jimilla 19. Na biyun zai fi ba ki wahala duk da gajartarsa, don oksijin yana wuri uku kuma babu wanda ke tsaye shi kaɗai. Ki lura kowane CO oksijin ɗaya yake iya ɗauka ya zama CO₂, sai ki tambayi kanki guda nawa Fe₂O₃ ke da shi na bayarwa. In kin gama ki kai wa malaminku ya duba, ki tafi masa da kofin zoɓon da kanwar ku gwada a gaban 'yan aji.